Shekara Tara da Kwalba: Lamarin Wani Mai Walda a Kharkiv

Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari kan shan giya ya shafa mai walda ne, haifaffen Kharkiv, birni na biyu mafi girma a Yukren, wanda tsakaninsa da iyakar Rasha bai wuce kilomita 40 ba. An haife shi a ƙarshen shekarun 1970, ya tashi a Saltivka, unguwar dogayen benaye irin na zamanin Tarayyar Sobiyet. Yana da mata da 'ya ɗaya. Ta hanyar mahaifiyarsa na san shi, domin a ɗakinta na zauna haya daga 2014 zuwa 2020, lokacin da nake karatun likita a birnin, kamar sauran ɗaliban Najeriya da suka cika jami'o'insa kafin yaƙin 2022. Mu muna hawa na uku, shi da iyalinsa suna na bakwai. Abin da ya faru kafin 2020 da idona na gani, na bayan nan ta waya na bi. Da yardarsa na rubuta, bisa sharaɗin ba za a kama suna ba.

A can giya ba abin ɓoyewa ba ce. A kan tebur take zama tare da burodi da kokwamba mai gishiri, ranar biki da ranar makoki. Farar barasarsu mai ƙarfi sunanta horilka, kashi 40 cikin ɗari na kwalbar zallar barasa ce, kuma da giram suke auna ta: "giram ɗari" shi ne ƙaramin kofi guda. Akwai kuma samohon, wadda ake dafawa a gida, 'yar'uwar ogogoro. Kwalbar rabin lita ta horilka tana ɗauke da zallar barasa kusan giram 160. Idan aka bi ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na giram 10 a sha ɗaya, kwalba guda sha 16 ce. A riƙe wannan lissafi, zai yi amfani a gaba.

Mahaifinsa ma'aikacin masana'anta ne, ya sha har ya mutu bai kai shekara 60 ba. Shi kuwa kafin 2015 shan ƙarshen mako yake yi. Ranar Juma'a da Asabar ya bugu, Litinin da safe yana bakin aiki. Ba wanda ya taɓa kiransa mashayi, har matarsa.

2015 zuwa 2016: soja, da dawowa

Yaƙin Donbas, a gabashin Yukren, ya ɓarke a 2014. A farkon 2015 aka kira shi aikin soja, ya yi sama da shekara a gabas. Wani harsashin igwa ya faɗi kusa da ramin da suke fakewa, ya kashe mutum biyu, shi kuma ya jefar da shi. Bai zubar da jini ba, amma kunnensa na hagu ya daina ji sosai, kansa ya riƙa ciwo. A takarda aka rubuta girgizar ƙwaƙwalwa, aka ba shi hutun 'yan kwanaki, ya koma.

A fagen daga, in ji shi, bai cika sha ba. Sojojin Yukren suna yi wa mashayan cikinsu laƙabi da "avatar", daga shuɗɗan halittun wani fim ɗin Amurka, don a bakinsu shuɗi launin maye ne, kuma ba ya son a kira shi haka. Sai da ya dawo gida a bazarar 2016 abin ya fara. Barci ya ƙaurace masa. In ya runtsa sai ya farka a firgice, rigarsa jiƙe da gumi. Ya gano cewa giram ɗari kafin kwanciya yana kwantar da shi. Kafin kaka ya zama giram ɗari uku, kullum.

A wannan kakar ce giyar jabu mai gubar methanol ta kashe gomman mutane a Yukren, mafi yawansu a yankin Kharkiv. Labarin ya tsorata mahaifiyarsa ƙwarai. Shawarar da ta yanke ita ce ta riƙa saya masa ta kanti mai hatimin gwamnati daga kuɗin fanshonta, don kada ya sha ta bayan fage. Na tuna ranar da na gan ta tana cusa kwalba a bayan tulun garin alkama. Ta dube ni ta ce, "Ɗana, gara ya sha a gabana da a kawo mini gawa." Ban ce komai ba. A lokacin gani nake ta yi dabara.

2017 zuwa 2018: ƙarin ruwa a gida

Mutanen Kharkiv galibi Rashanci suke yi a gida, kuma suna da kalma ɗaya da ba mu da kwatankwacinta: zapoi. Shi ne mutum ya shiga sha ba tsayawa, kwana da kwanaki, ya farka ya sha, ya sume, ya sake farkawa ya sha, ba ci ba wanka, har jiki ya ƙi karɓa. Nasa na farko ya zo a hutun sabuwar shekara ta 2017, ya ɗauki kwana shida.

A kusan kowace tashar bas akwai takarda manne da lambar waya: a fitar da mutum daga zapoi a gida, ba tambayar suna, dare ko rana. Matarsa ta kira. Wani mutum ya zo da jaka, ya rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusar da hoton aurensu ke rataye, ya zuba bitamin da maganin barci a ciki, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Mai waldan ya yi barcin awa goma sha huɗu, ya tashi ya sha romo, bayan kwana biyu ya koma aiki. Gidan kowa ya yi ajiyar zuciya.

An maimaita wannan sau biyar cikin shekara biyu. Tazarar da ke tsakanin zapoi da zapoi ta ragu daga wata biyar zuwa mako bakwai. Sau ɗaya ni na canza masa ledar, ina ɗalibin aji huɗu, ina jin kaina likita. Ba wanda ya auna hantarsa, ba wanda ya tambaye shi me ke hana shi barci, kuma mai jakar bai taɓa cewa a dawo a gan shi bayan mako ba.

Me ya hana su zuwa asibitin gwamnati? Yukren ta gaji wani fanni na musamman daga Sobiyet mai suna narkolojiya, da asibitocinsa da likitocinsa, wanda aikinsa kula da masu shaye-shaye ne. Ta kuma gaji tsoronsa. A zamanin Sobiyet ana iya tura mashayi sansanin aikin dole da sunan magani. Wannan ya wuce, amma rajistar masu shaye-shaye ta zauna a zukatan mutane: sunanka ya shiga, to lasin tuƙi da wasu ayyuka sun zama da wuya. Shi kuwa motar ɗaukar kayan wurin aikinsu shi ke tuƙa ta. Da aka ambaci asibitin sai ya ce, "Ni ba alkash ba ne," kalmar raini ce ga wanda giya ta gama da shi, irin mai kwana a kan bencin lambu.

2019: ɗaurin "kod"

A watan Fabrairun 2019 matarsa ta haɗa akwati. Ya roƙe ta, ya ce zai je a yi masa kod.

Wannan hanya tana bukatar bayani, don ba a san ta sosai a wajen ƙasashen tsohuwar Sobiyet ba. Wani likita ne a garin Feodosiya na Kirimiya, Aleksandr Dovzhenko, ya shahara da ita, kuma hukumomin lafiyar Sobiyet suka amince da ita a tsakiyar shekarun 1980, daidai zamanin da shugaban Sobiyet Gorbachev ya ƙaddamar da yaƙi da giya a 1985. Ana tara masu sha a yi musu doguwar lacca, sannan a shiga da kowa shi kaɗai, a danna masa wasu wurare a kai, a fesa masa wani abu a baki, a sanar da shi cewa an ɗaure ƙwaƙwalwarsa na tsawon lokacin da ya zaɓa. In ya sha kafin wa'adi, zai iya shanyewa ko ya mutu. Har takarda yake sa wa hannu cewa an gargaɗe shi. Akwai wani nau'in da ake yi da allura, ko a tsaga fata a dasa ƙwayar disulfiram a ɗinke. Disulfiram magani ne na gaske: wanda ya haɗiye shi ya sha giya, fuska ta yi ja, zuciya ta buga, amai ya taso. Amma wanda aka dasa a ƙarƙashin fata ba a tabbatar yana sakin abin da zai yi wannan aiki na tsawon watanni ba. Abin da ke riƙe mutum shi ne tsoro.

Bahaushe ba zai rasa gane wannan ba. Mun san wanda aka sa ya rantse, aka ce in ya karya kaza zai same shi.

An ɗaure shi na shekara ɗaya a wani asibitin kuɗi. Ya yi wata bakwai bai ɗanɗana ba. A waje an ga nasara: ya yi ƙiba, ya gyara barandar mahaifiyarsa, ya kai 'yarsa bakin ruwa. A cikin gida kuwa matarsa ta ce kamar da damisa suke zaune. Ba ya barci, ƙarar murfin tukunya tana sa shi zabura, kuma yana lissafin kwanakin da suka rage kamar fursuna.

A watan Satumba aka yi taron tunawa da ɗaya daga cikin abokan raminsa. A al'adar sojojinsu kofi na uku na matattu ne, ana shansa a tsaye, shiru, ba a haɗa kofuna. Ya ɗaga nasa da niyyar taɓa leɓe kawai. Ya haɗiye. Ya zauna yana jiran mutuwa, minti goma, minti ashirin. Ba abin da ya faru. Zapoi ɗin da ya biyo baya ya kai kwana goma sha ɗaya, mafi tsawo da ya taɓa yi.

2021: tara, kora, da gidan bayan gari

A watan Maris na 2021 Yukren ta tsananta hukuncin tuƙi cikin maye: tarar hryvnia 17,000, kuɗin ƙasar, da ƙwace lasin na shekara ɗaya a karon farko. Iyakar barasar da doka ta yarda a samu a jini a lokacin kuwa 0.2 ce cikin dubu, wato kusan babu. A watan Mayu aka tsare shi da safe, bai sha komai ba a ranar, ta daren jiya ce ba ta sake shi ba. Lasin da ya guje wa asibiti don kare shi ya tafi, aikin ma ya bi shi.

Wata maƙwabciya ta ba su labarin wata cibiyar gyaran hali a ƙauye, ta masu zaman kansu, wadda wasu masu wa'azi ke gudanarwa. Irin waɗannan suna da yawa a ƙasar. Wasu sun ceci mutane, wasu kuma an sha samun su da tsare mutane ba da son ransu ba. Wannan tana tsakani. Ba a dukan kowa, amma ƙofa a kulle take, an karɓe waya, ba likita, ba ma'aikaciyar jinya. Kwanakin farko na karkarwa da ruwan shayi da addu'a aka bi da su, Allah ya sa bai yi jijjiga ba. Sauran lokacin faskare ne, da noman dankali, da zaman furta laifi. Da ya ambaci mafarkan da ke tashinsa, aka ce masa ya ƙara ƙaimi wajen addu'a.

Ya yi mako goma. An sallame shi ba tare da wata takarda ko wurin da zai je ba. Ya dawo unguwar da ya bari, ba aiki, bashin tara a wuya. A kwana na tara ya sha.

Daga nan shan ya sauya kama. Zapoi ya ɓace, ya koma kwalbar rabin lita kowace rana, ba fashi, da kofin farko tun da asuba don hannu ya daina rawa.

Fabrairu da Maris 2022: yankewar dole

Ranar 24 ga Fabrairu 2022 Rasha ta afka wa Yukren gaba ɗaya, kuma Saltivka tana cikin unguwannin da suka fi shan luguden wuta. A makon farko na Maris matarsa da 'yarsa suka samu jirgin ƙasa zuwa yamma, daga can suka tsallaka Polan. Doka ta hana maza masu shekara 18 zuwa 60 fita daga ƙasar. Ya je ofishin ɗaukar soja, aka dube shi, aka dubi takardar kunnensa, aka ce ya koma gida tukuna. Tsohuwar ta ƙi tafiya ko'ina.

Birane da dama sun hana sayar da giya a waɗannan makonni. A Kyiv haramcin ya ɗauki watan Maris gaba ɗaya. A unguwarsu ma ba a bukaci doka ba, kantunan sun rufe. Shi da mahaifiyarsa da maƙwabta kusan talatin suka koma ɗakin ƙarƙashin benen. Kwalbarsa ta ƙarshe ta ƙare.

Jikin da ya saba da barasa kullum ba ya sakin ta cikin lumana. Barasa tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa tana ƙara wa kanta wuta don ta daidaita. In aka janye barasar farat ɗaya, wutar nan ta rage ba mai danne ta. Cikin awa 6 zuwa 24 karkarwa da gumi da amai suke farawa. Jijjiga irin ta farfaɗiya takan zo a kwana na ɗaya zuwa na biyu. Mafi muni shi ne ruɗewar da kan zo a kwana na biyu zuwa na huɗu, wadda ke iya kisa. Suna kiranta farin zazzaɓi, a wasa kuma su ce "kurege ya ziyarce shi".

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. A rana ta biyu ya faɗi yana jijjiga a kan siminti, ya ciji harshe. A dare na uku ya daina gane mahaifiyarsa. Ya ce Rashawa sun shigo ta bututun ruwa, ya riƙa kakkaɓe ƙwari daga hannunsa, ya nemi buɗe ƙofar ƙarfen ya fita ana tsakiyar harbi. Maza uku suka danne shi da bargo. Tsohuwar ta ce mini abin da ba za ta manta ba shi ne wata yarinya 'yar shekara biyar da ta tambayi uwarta ko bam ne ya shiga cikin kawu.

Da gari ya waye motar asibiti ta iso. An ba shi diazepam, maganin kwantar da ƙwaƙwalwa, a kan ƙa'ida, ana rage shi a hankali, da allurar bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, da ruwa da gishirin jiki. Wannan ne karo na farko cikin shekara shida da aka yi masa maganin yankewar giya yadda ya kamata. Ya kwana tara. Ma'aikatan sun yi abin da za su iya a birnin da ake jefa wa bam, amma ba wurin da za a tura shi bayan sallama. Kafin tsakiyar shekara ya samo mai dafa samohon. Hunturun da ya biyo, lokacin da hare-hare kan tashoshin lantarki suka jefa ƙasar cikin duhu tun daga Oktoba, a buge ya yi shi.

2023: likitar iyali

Tun 2018, bayan gyaran tsarin lafiya, kowane ɗan Yukren yana zaɓar likitan iyali ya sa hannu a yarjejeniya da shi, hukumar lafiya ta ƙasa ce ke biya. Bayan ɓarkewar yaƙi aka himmatu wajen horar da waɗannan likitoci da shirin mhGAP na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ke koya wa likitan da ba na ƙwaƙwalwa ba yadda zai gane damuwa, firgici da shaye-shaye, ya kuma fara magance su. A 2023 uwargidan shugaban ƙasa, Olena Zelenska, ta jagoranci wani gangami mai taken "Ti yak?", wato "Ya kake?", aka lilliƙa shi ko'ina.

A watan Afrilun 2023 ya raka mahaifiyarsa awon hawan jini. Likitar, mace ce mai kimanin shekara hamsin, ta gama da tsohuwar sai ta ce shi ma ya miƙo hannu. Jininsa ya hau, hannun yana rawa. Ta kira shi da sunansa haɗe da na mahaifinsa, yadda suke girmama babba, ta ce, "Yaya barci?" Ya ce shekara bakwai ke nan ba wanda ya yi masa wata tambaya sai a kan giya. Ya ba ta amsa. Daga barcin ta gangaro kan abin da yake sha don ya samu barcin.

Ta yi masa tambayoyi goma na gwajin AUDIT, mai auna haɗarin shan giya. Makinsa yana tashi daga 0 zuwa 40. Daga 8 an shiga haɗari, daga 20 ana zaton jiki ya kamu. Ya samu 31. Ta juya masa takardar ya gani da idonsa, ta lissafa masa kwalbarsa ta kullum, sha 16. Ba ta ce ya daina ba. Hasali ma ta gargaɗe shi kada ya kuskura ya daina shi kaɗai a gida, tunda ya taɓa jijjiga. Ta rubuta gwajin hanta, ta ce ya dawo bayan mako. Bai dawo ba. Ma'aikaciyar jinya ta kira shi. Ya zo a mako na uku.

Abin da aka tsara, aka kuma bi, shi ne wannan. A watan Mayu aka kwantar da shi kwana takwas a sashen narkolojiya na gwamnati, da ƙafarsa ya shiga, aka yanke giyar da magani. Lasin da yake tsoron rasawa ya riga ya tafi, don haka gardamar ta mutu da kanta. Gwaji ya nuna hanta ta yi kitse kuma ta kumbura, amma ba ta ƙandare ba. Da alƙaluman hantar suka sauko aka ɗora shi a kan naltrexone, miligiram 50 kullum. Wannan magani ba ya sa amai don an sha giya kamar disulfiram, kuma ba ya tsoratarwa. Daɗin da ƙwaƙwalwa ke samu daga giya yake dusashewa, sai ƙishirwarta ta ragu. Ba a ba mai shan tramadol ko kodin, an tambaye shi wannan tun farko. Kowace safiya a gaban mahaifiyarsa yake haɗiya, bisa yarjejeniyar da shi ya amince da ita.

Bayan wata ɗaya ba giya, likitan ƙwaƙwalwa ya gan shi, ya tabbatar da ciwon firgicin bayan bala'i, wanda ke bin sa tun 2015. Aka fara masa maganin damuwa, aka haɗa shi da wata masaniyar halayyar ɗan Adam a wata cibiyar tsofaffin sojoji, zama ɗaya a mako. A zama na shida ne ya fara ba da labarin ramin nan daga farko har ƙarshe. Ya ce bayan zaman sai da ya zagaya wani kantin giya sau uku kafin ya wuce.

Ƙungiyar Alcoholics Anonymous, ta mashayan da ke taimakon juna su daina sha, tana da rassa a Yukren tun wajen ƙarshen zamanin Sobiyet. Ya je taro biyu ya ce ba nasa ba ne. Likitar ba ta matsa ba, ta ce ya gwada wani reshen. A na biyun ya tarar da tsofaffin sojoji uku, ya zauna. In an yi jiniyar hari sai su sauka ƙasa da kofunan shayinsu su ci gaba.

An kuma yi aiki a kan tsohuwar, kuma wannan ya fi wuya. Likitar ta zaunar da ita ta ce sayen kwalba ya ƙare, haka ma kiran mai jaka. Surukarta daga Polan ta shigar da ita taron iyalan mashaya ta intanet. Ranar da ta zubar da kwalbar bayan tulun gari ta kira ni tana kuka, ta ce ji take kamar ta yashe shi.

Likitar iyali ta ci gaba da ganinsa duk mako biyu na wata uku, sannan duk wata.

Mayu 2024: tuntuɓe

Ya yi kusan shekara bai sha ba. A watan Maris na 2024, ganin ya samu sauƙi, ya daina naltrexone bai gaya wa kowa ba. Ranar 10 ga Mayu sojojin Rasha suka sake kutsowa arewacin yankin Kharkiv ta wajen garin Vovchansk, hare-hare kan birnin suka ƙaru. A makon ne labari ya zo cewa ɗaya daga cikin sojojin nan uku na taronsu, wanda ya koma fagen daga, ya mutu. Ya sha kwana huɗu.

A rana ta huɗu ya sauko hawa na uku ya ce, "Mama, ba ni kuɗi." Ta ce, "Ɗana, waya zan ba ka." Shi da kansa ya kira likitar. Ta ce ya zo gobe da safe, kada ya yanke da kansa. An kwantar da shi kwana huɗu, aka mayar da maganin, aka dawo da ganin mako biyu-biyu. Ba wanda ya ce masa shekarar da ya yi ta tashi a banza. A taronsu aka matsa masa kujera, aka zuba masa shayi.

Inda aka tsaya

Zuwa bazarar 2025 ya cika shekara ɗaya bai sha ba tun tuntuɓen. Yana walda a wata tawagar gyaran bututun ɗumama gidaje, aikin da ba ya yankewa a birnin da ake fasa wa bututu kowane wata. Alƙaluman hantarsa sun dawo kusa da daidai. Yana barcin awa biyar, mafarkin yana zuwa kamar sau biyu a wata. Kunnen bai dawo ba. Matarsa tana Polan, ta samu aiki, 'yar tana makaranta a can, kuma ba ta yi alkawarin dawowa ba. Suna magana ranar Lahadi.

Hukunci

Ƙarin ruwan gida bai taɓa zama magani ba. Yana wanke mutum ne ya miƙa shi ga zapoi na gaba, kuma saboda yana sauƙaƙa ƙarshen kowane zagaye, ya ɗauke wa gidan dalilin neman abin da ya fi shi. Akwai hatsari ma a ba mai barasa a jini maganin barci a tafi a bar shi. Ina cikin waɗanda suka taya, kuma a matsayina na ɗalibin likita ya kamata in san haka.

Kod ya ba shi wata bakwai, ba zan raina su ba. Amma duk ginin a kan barazana ɗaya ya tsaya, ranar da ya gwada ya ga ba ta da haƙori, ba abin da ya rage a hannunsa. Cibiyar ƙauye ta raba shi da kwalba ta hanyar kulle ƙofa, ta sake shi cikin rayuwar da ta fi wadda ya bari lalacewa, kuma barin mai irin shansa ya yanke ba likita caca ce da rai. Kwanciyar Maris 2022 ta ceci ransa, sai dai yanke giya mataki ne na farko kawai, kuma yaƙi ya hana a ɗora na biyu.

Dukansu huɗu sun yi tarayya a abu ɗaya: giyar suka kalla, ba wanda ya kalli daren da yake shan ta dominsa. Tsarin 2023 bai zo da wani sirri ba. Magungunan tsofaffi ne, tambayoyin goma kowa na iya karanta su. Bambancin shi ne an haɗa su wuri ɗaya kuma a jere: yankewa a asibiti, maganin rage sha'awa, jinyar firgicin, mutanen da suka san ramin, uwa da ta daina saye, da likita ɗaya da ke sa a kira shi in bai zo ba. Ba zan iya ware wanda ya fi aiki a cikinsu ba, kuma mutum ɗaya ba hujja ba ne a kan kowa. Akwai sa'a a ciki: hantarsa ta jure, likitarsa ba ta gudu daga birnin ba, mahaifiyarsa tana raye. Da yawa daga cikin waɗanda ke dawowa daga fagen daga yanzu ba su da ko ɗaya daga cikin ukun.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne Mayun 2024. A 2019 kofi ɗaya ya zama kwana goma sha ɗaya, domin an gaya masa in ya sha komai ya ƙare. A 2024 ya tsaya a huɗu, domin yana da lambar da zai kira, kuma ya san abin da za a ce masa shi ne ya zo gobe da safe.